Shekarar da Na Shuka Burugu Bisa Ruwa

Hancina ne ya riga idona ganewa. Bazarar bana ina zaune gindin dalbejiyar ƙofar gidan ɗana Bello a Gwadangaji, inda aka girke ni tun da gwiwoyi suka yi mini tawaye, sai iska ta kawo wani wari daga bayan katanga, warin ruwan da ya ruɓe yana kwance. Na san warin nan kamar yadda na san muryar uwata. Na ɗauki sanda na lallaɓa gidan maƙwabcinmu Malam Ishaya, mutumin Filato ne da aikin gwamnati ya kawo Birnin Kebbi har ya yi ritaya, yanzu yana kiwon kifi a wani rami da ya haƙa bayan gida. Na tarar ruwan ya koma kore shar, shi kuma yana tsugune yana ɗaure jarkokin roba da raga, ya jera ciyawa a kai, saiwoyinta na reto. Wai 'yarsa ce ta gani a waya, an ce in ciyawa na yawo bisa ruwa tana shanye dattin da ke kashe kifi.

Na tsaya ina kallon aikin, har ya ɗago ya ce, "Baba, lafiya dai?"

Na ce, "Lahiya lau, Malam Ishaya, ci gaba da aikinka. Ni dai bisa wanga aiki anka taɓa yanke min hukunci."

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke mana Kebbi ba tukuna, a shekarun farin nan da suka zo a jere. Ƙauyenmu yana gefen fadama, ba nisa da Gulma. Ni Ɗanjuma a lokacin ƙarfina ya kawo, ina da matata Hajo da 'ya'ya biyu, Sa'a da Bellon nan yana goye. Damina ta zo a makare, ta yi mana rowa, ta kuma ɗauke daidai gero yana fid da kai. Gulbi bai hau fadama yadda ya saba ba, shinkafar da muka watsa ta tsaya jiran ruwa har ta ƙone a tsaye. Abin da na kai rumbu, kallo ɗaya Hajo ta yi masa ta ce ba zai ga bayan sanyi ba. Bai kuwa gani ba.

Abin da ya rage wa garin duka shi ne Dogon Tafki. Duk shekara in gulbi ya janye yakan bar mana kifi a ciki, sai Sarkin Ruwa ya kafa sanda a baki ya ɗaura mata kaba. Daga ranar tafki ya rufu. Kana iya ɗibar ruwa daga gaɓa, dabba tana iya sha, amma ƙafar ɗan Adam ba ta shiga sai ranar su, can cikin bazara in rumbuna sun ƙare. Ranar kowane namiji zai faɗa ruwa da homarsa, ragar hannu ke nan, da ƙaton goran da muke kifa ciki a kai muna jefa kifi a bakinsa. Abin da mutum ya kama, mata su yi banda, a kai Argungu a musanyo hatsi, da shi ake lallaɓawa har tumu ya nuna. Wanda ya taka ruwa kafin ranar kuwa, ba shi ba su a shekarar. Sarkin Ruwan ƙanen ubana ne, Baffa Garba, mutumin da bai taɓa lanƙwasa doka don kowa ba.

Kafin a kafa sandar akwai sharar tafki. Mukan fito gayya mu cire ciyawar da za ta riƙe homa. A shekarun wadata tsakiya kawai muke sharewa, mu bar burugu, doguwar ciyawar nan ta ruwa da dabbobi ke so, ya kewaye gefe, ba don wata hikima ba, ƙiwa ce kawai ke hana mu ƙarasawa. To a wannan shekarar babu harawa, babu kara, dabbobi na kuka dare da rana, sai burugu ya yi daraja. Aka yanke shi, aka dawo aka tuge saiwarsa, har bado aka tone aka ci. Da muka gama, tafki ya fito fes kamar sabuwar ƙwarya. Baffa ya tsaya yana murmushi, ya ce tun da aka naɗa shi bai ga shara mai kyan wannan ba, mu kuma muka yi ta yabon kanmu.

Sai albasa ta biyo baya. Da shinkafa ta ci amanarmu, kowa ya koma bakin tafki ya yanki fangali ya kafa jigon ɗibar ruwa. Takin zamani a lokacin yana zuwa da araha, mu kuma sabon hannu ne. A ganinmu in ɗan kaɗan yana sa albasa ta yi kai, mai yawa zai sa ta yi kan mutum. Aka yi ta zuba shi da ƙwarya. A ɗebo ruwa daga tafki a kwarara a fangali, ya wanko takin ya gangara ya koma inda ya fito. Ga shanun gari da na baƙi, nan suke sha, nan suke kashi, kuma babu sauran ciyawar da za ta tare komai.

Da sanyi ya wuce, zafi ya sauko ba sallama. Irin zafin da tun hantsi ƙasa ke cizon tafin ƙafa, kaji su buɗe baki su kwanta gindin randa. Ruwan tafki ya fara sauya launi, ya yi kore, ya yi kauri, gansakuka ta rufe shi har in ka jefa tsakuwa sai ramin ya jima bai haɗe ba. Mata suka daina wanki da shi saboda ƙaiƙayi. In ka fito da asuba sai ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki suna neman iska, kafin rana ta take kuma gargaza sun juya farin ciki, shirwa na shawagi a kansu. Abincin 'ya'yanmu ne yake ruɓewa a gabanmu, mu kuma muna tsaye a gaɓa da busassun ƙafafu.

A gida ga yadda yini yake tafiya. Da safe Hajo ta dama kunu, tsararo har kana hango gindin ludayi. Da rana babu komai, sai dai a sha ruwa a nemi inuwa. Da yamma tuwon dusa da tafasa, in an yi sa'a da ɗan gishiri. Nonon Hajo ya fara ƙafewa, Bello ya tsotsa ya saki ya yi kuka, kukan ma ba ƙarfi. Sa'a kuwa ta daina tambayar abinci, ta koma tambayar yaushe ne su, don ta ji uwarta na cewa ranar su za a ƙoshi. Yanzu jikokina in an dafa shinkafa ba nama sai su ture kwano. Ba na yi musu faɗa, Allah ya sa kada su taɓa sanin abin da na sani. Amma a lokacin tsoro nake ji, tsoro na gaske, kullum da shi nake tashi.

An yi addu'a, an yi sadakar fura da ɗan abin da ya rage, sannan aka taru gindin tsamiya bayan la'asar. Yayana Illo ne ya fara magana. Ya ce, "Baffa, a buɗe ruwan ga mu kwashe abin da yar rage tun bai zan mushe ba."

Baffa ya girgiza kai. "In kunka yi su yanzu, mi za ku ci in anka yi shibka? Kihin ko girma bai gama ba. Sanda tana nan inda nik kahwa ta."

Ni kuma akwai abin da na gani. Na je neman bado can wajen Argungu, a wani hannun gulbi da ya yanke, shi ma ya yi kore kamar namu. Amma akwai wani curin burugu da ya ɓalle yana yawo, ƙarƙashinsa ruwa garau, 'ya'yan kifi sun taru suna wasa cikin saiwoyi. Duk masunci ya san haka, sai dai ba mu taɓa tsayawa mun yi tunaninsa ba. Na miƙe na ce, "Baffa, mu munka tuɓe ma tabkin ga riga. A maishe mai hakinai."

Aka kwashe da dariya, ta masu yunwa, gajera. Baffa bai yi ba. Ya ce, "Hakin da bisashe za su cinye kahin ka juya baya? Ruwan kuma kullum ja da baya shika yi, ka dasa yau, gobe shina bisa tudu."

"To a aza shi bisa ruwa, can tsakiya inda baki ba ya kai."

"Da wace ƙahwa za ka kai shi tsakiya, Ɗanjuma? Tabki ruhe shike."

"Ba ni taka shi."

Baffa ya ce, "In ba ka taka shi ba, ba ni da magana. Haukanka naka na."

Na koma gida na sauko da gorunan su na gidanmu daga rataye, har da na marigayi babana, wanda aka ce ya girme ni. Na toshe bakunansu da tsumma da ƙaro. Na kwance zanar shingenmu ta gefe guda, gida ya zama duk mai wucewa yana ganin madafa. Hajo tana zaune tana tufka igiyar kaba, ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, in gorunan ga sunka ruɓe, bisa mi za ka yi su?"

Na ce, "In kihi ya mutu, mi zan yi da gora?"

Ta ci gaba da tufkar, har tafin hannunta ya sale.

Wahalar aikin ba ɗaurin ba ne, ɗauko burugun ne. Ina sallame asuba in kora jaki zuwa hannun gulbin nan, in tugo shi da saiwa da lakarsa, in ɗora, in dawo rana na dukan ƙeya. Jakin kansa ƙashi da fata ne, sai da na ɗaure masa baki don kada ya juyo ya cinye kayan da ke bayansa. Sannan in ratsa tsakiyar gari da ɗanyen haki yana ɗigar ruwa, tumaki su biyo ni suna kuka, masu tumaki su bi ni da ido. Wannan kallon ya fi rana zafi. Rannan Illo ya tare ni a ƙofar gidansa, ya riƙe igiyar jakin. Ya ce, "Kai, ka ko ji tsoron Allah? Tumakina biyu sun hwaɗi ba su tashi, kai kana ɗaukar haki kana kai ma ruwa? Ruwa baki garai?"

Na ce, "Sake min jaki, Yaya."

"Ƙulli guda ka ba ni."

"Ko tsinke."

Na faɗa ina jin zafinta a ƙirji, don uwa ɗaya ta haife mu, amma na san in na ba shi ƙulli, kafin in kai tafki ba abin da zai rage sai igiya. Ya saki, ya tofar da yawu gefe, daga ranar ya daina amsa gaisuwata.

A bakin tafki nake haɗawa. Goruna a ƙasa, karan dawa a gicciye, zana a sama, in huda ta in cusa burugu saiwa na leƙawa ta ƙasa. In ɗaura dutse da igiya, in tura da doguwar gwangwala iya tsawon hannuna, sannan in wurga dutsen gaba ya ja shi ya tsayar. Wata igiyar kuma tana ɗaure a turke nan gaɓa don in riƙa jawowa. Ƙafata tana kan busasshiyar ƙasa, Baffa da kansa yakan zo ya tsaya ya duba. Malam Ishaya da jarkokinsa a yini guda ya gama nasa. Ni sai da wata ya kusa juyawa kafin in jera nawa a kan tafkin, ta wajen arewa inda ya fi zurfi. Masu jigo suka laƙa mini suna, Sarkin Noman Ruwa. In na zo wucewa su ce, "Ranka shi daɗe, yaushe za a yi girbi?" In ce musu su tanadi rumbu.

Da farko dai su suka yi gaskiya. Ɗaya daga cikin waɗanda na haɗa ya kife. Ɗaya kuma na zo da safe na tarar an jawo shi gaɓa, zana tsirara, ko ganye ba a bari ba. Na san tumakin wa suka ci, don kashinsu ya tona asiri, ɗanye shar a garin da ba wanda ya ga ɗanyen haki. Ban kai ƙara ba, na sake kora jaki. Burugun da ya rage ya yi ja, ya langaɓe, kifi na ci gaba da mutuwa, ni kuma in zauna a gaɓa tsakar rana ina gadi, cikina na kiran ciroma, kaina na juyawa. Ban taɓa tunanin bari ba. Da ba su yi mini dariya ba wataƙila da na bari, amma tun da suka yi, ko mutuwa zan yi sai dai in mutu a gaɓar nan.

Sai burugu ya kama. Takin da yake kashe mana kifi shi ya zame masa abinci, ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ya miƙe har ƙugu. In na jawo guda in ɗaga gefensa, saiwoyi sun sauka sun yi tsawon hannu, sun kama datti sun riƙe. Ruwan da ke kewaye da su ya fara sakin kaurinsa, har kana iya hango inuwar kifin bargi tana gilmawa. Ba zan yi ƙarya in ce burugu kaɗai ya yi ba, don a lokacin an fara cire albasa, taki ya rage gangarowa. Kudancin tafkin kuma yana nan yadda yake, kore, yana wari. Amma kifin da ke da sauran rai duk ya tattaro ya dawo arewa, ƙarƙashin inuwar gorunana, da asuba kuma masu taso wa sama sun ragu ƙwarai. In haki ya yi tsawo in jawo, in yanke kai, in mayar, ya sake tofowa. Dami na farko ban ba akuyata ba, na kai ƙofar gidan Illo na jefar, ban yi sallama ba na juyo. Masu kirana Sarkin Noman Ruwa suka fara zuwa da igiya a hannu suna tambayar lafiyar iyali. Na ba su, amma sai da kowa ya maimaita sarautar tawa da bakinsa.

Ana cikin haka aka yi iskar nan ta ƙarshen bazara, mai haɗa hadari baƙi ƙirin ta tafi ba ɗigo. Bayan azahar ta taso, ta kwashe jinkar ɗakuna, ta karya reshen tsamiya. Tana lafawa na ruga tafki. Igiyoyin kaba sun jima cikin ruwa, sun tsinke duka. Iska ta kora gorunan gaba ɗaya zuwa kudu, ta cusa su cikin laka, daidai mashayar shanu. Na miƙa gwangwala, ba ta kai ba. Na wurga igiya, ta zame. Wurin kuwa iya gwiwar saniya ne, ga garke can ya taso yana gangarowa shan yamma, sun riga sun hango kore sun fara sauri. Mutane sun taru duba ɓarnar iska, Baffa na cikinsu.

Na tuɓe riga. Ya ce, "Ɗanjuma, ina ganinka."

Na ce, "Na sani, Baffa. Duba da kyau."

Na shiga. Ruwan ɗumi, yauƙi, laka ta kama ni har cinya. Na riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya ina turawa da ƙirji, ina iyo da su zuwa arewa, in nutsa in lalubo dutse in sake ɗaurewa da igiyar wandona da abin da ya rage na kaba. Ba wanda ya taya ni, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da bakunan da ke jiransa a gida. Shanu sun samu guda sun cinye, sauran na tsere da su. Da na fito jikina kore tun daga gashi, idona na yaji.

Baffa ya ce, "Ka san doka."

"Na san ta."

"Ba ka su bana. A kawo min homa."

Na ce, "Baffa, ba don hakin ga ba, da mushe kaka tsaro."

Ya ce, "Ko hakanan na. Ka taka."

Ban jira a aiko ba. Na je gida na ɗauki homar da kaina, na ratsa gari da ita a kafaɗa, na jingine masa a zaure. Amma duk wannan ƙarfin hali a waje ne. Da na dawo na faɗa wa Hajo, tana tsaye da Bello a baya, sai ta ajiye muciya a hankali ta ce, "To mi ɗiyan ga za su ci?" Na ceci kifin gari, na hana 'ya'yana. Ban taɓa jin kunyar mace kamar ranar ba.

Illo, da tumakinsa suka tashi da hakina, ya zo da kansa washegari. Ya ce, "Tahi ka duƙa mai, ka ba shi haƙuri. Ɗan ɗan'uwanai kake, halan shi sassauta."

Na ce, "Haƙurin mi? In yau anka sake yin iskar, sake shiga nikai."

Ya ce taurin kaina zai kashe mini iyali, ya fita. Hajo ta daina yi mini magana sai ta dole. Sa'a kuwa ba wanda ya iya gaya mata, kullum tana lissafin ranar su da murna. Ni dai na ci gaba da zuwa gaɓa ina jawo goruna da sabuwar igiya, ina yanka ina mayarwa, kamar kifin nawa ne.

Ranar su na sa rigata ta Juma'a, na je na tsaya cikin tsofaffi da mata a kan gaɓa, na harɗe hannuwa. So nake kowa ya gan ni. Baffa ya sa aka janye gorunana gefe, ya yi addu'a, ya tuge sanda. Maza suka faɗa ruwa da ihu. Waɗanda suka nufi kudu laka suka kwaso da ƙasusuwa. Nan da nan kowa ya juyo arewa, sai homa ta fara nauyi. Bargi, tarwaɗa masu kaurin cinya, gargaza, har da waɗanda suka maƙale cikin saiwoyin burugu ana zazzage su. Bai kai na shekarun wadata ba, amma kifi ne, zai kai gari ga tumu. Mata suna guɗa a gefena. Duk wanda ya fito da goransa cike sai ya bi ta wani gefen, ba wanda ya iya haɗa ido da ni. Nawa gorunan suna yashe a gaɓa sun yi baƙi sun yi laushi, na babana ya tsage gida biyu. Na tsaya har mutum na ƙarshe ya fito, sannan na tafi gida hannu wofi.

Garin duka ya ɗauki ƙamshin banda, ban da gidanmu. Sa'a tana zaune bakin ƙofa ta zuba wa hanya ido. Can bayan la'asar sai ga Illo da ƙaton kwando a ka, yana nishi. Kowane masunci yakan cire wa Sarkin Ruwa wani abu daga kamunsa, to Baffa ya juye nasa gaba ɗaya, ko na miya bai rage wa gidansa ba. Illo ya sauke ya ce, "Baffa yac ce a kawo ma. Yac ce in hwaɗa maka ba kaso ba na, wanda yat taka ba shi da kaso. Sadaka ta."

Jinina ya hau. Na ce, "Ɗauki abinka ka maishe mai. Bara nay yi? Kihin ga da ƙirjina nit tura mai inuwa. In kaso na, shi kira shi kaso in karɓa. In sadaka ta, shi nemi mabuƙaci."

Illo ya tsaya yana kallona, kwando tsakaninmu, tarwaɗa na motsi a ciki. Sai na ji an ture ni daga baya. Hajo ce, da ko zaure ba ta fitowa in da wani namiji. Ta sunkuya ta rungumi kwandon, ta ɗaga shi ita kaɗai, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta ce, "Kai anka hana, ba ɗiyana ba. Ku maza ku zamna ku raɗa mai suna, ni na hura wuta."

Na rantse a gaban Illo ba zan sa kifin nan a bakina ba, ban kuwa sa ba, har aka gama musanya shi da hatsi. Baffa har ya koma ga Allah bai ce na yi daidai ba, ni ma ban taɓa zuwa na ba shi haƙuri ba. Da yammacin ranar na ɗauki tuwon dusata na zauna ƙofar ɗaki, na juya wa madafa baya don kada ƙamshi ya karya ni. Sai Sa'a ta zagayo ta zauna a gabana da kan tarwaɗa a hannu, mai yana bin gwiwar hannunta, kumatu cike. Ta haɗiye da ƙyar ta ce, "Baba, kai kak kamo shi?"

Na ce, "Ni nik kamo shi. Ci."